Ƙasar da ke cikin akwatin kifin ƙanena

Shekarun baya can, da muka dawo Mubi daga gudun hijira, mun tarar an kwashe kayan gidanmu na Sabon Layi kaf, amma ba wanda ya kula akwatin gilashin da ƙanena ke kiwon kifi a ciki. Kifayen sun mutu, ruwa ya koma rabi. Ciyayin da ya shuka a ƙasan ruwan ne kawai suka ƙi mutuwa. Shi kuwa ƙanen nawa, tun ranar da gari ya watse muka rabu a hanyar Vimtim, ba mu ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ni da ko albasa ban taɓa shukawa ba, sai ga ni ina ɗawainiya da gonar cikin ruwa. Ana nan, ganyen ya fara koɗewa yana huhhujewa. Abin ya ɗaure min kai. Ta yaya shuka za ta rame alhali tana cikin ruwa tsundum? Abokina mai kiwon tarwaɗa ya duba, ya ce ƙasar ce ta tsufa, abincin cikinta ya ƙare, a juye ta a zuba sabuwa.

Mahaifiyata tana tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Kar ka taɓa ƙasan nan," ta ce. "Ƙanen ka ya ɗebo shi a mayo, kogin nan namu, da hannun shi."

Magana ta ƙare ke nan. Sai na koma neman yadda ake ciyar da ƙasa ba a ɗaga ta ba. Na jera kwalabe a bakin taga ina gwaji. Kashin shanu ya mai da ruwa kore, ga wari. Toka ta narkar da ganyen. Maƙwabta har sun fara kirana malamin gona.

Daga ƙarshe na kwaɓa yumɓu da ƙasar suri, na sa ɗan ruɓaɓɓen taki a tsakiya, na mulmula ƙanana kamar fura, na shanya. Da suka bushe na riƙa tura su da yatsa can ƙarƙashin saiwa. Yumɓun ya riƙe takin, ruwa bai gurɓace ba. Kullum da safe ina nan na kafa hanci a jikin gilashi, har ranar da na ga wani ɗan tofo kore shar.

Mahaifiyata ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana kallo. Can ta ce, "To. In ya zo, zai samu abin shi da rai."

Bai zo ba. Yanzu na san abubuwa da yawa game da ƙasa da saiwa, kuma na san sabuwar ƙasa ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma har yau, da ganye ya fara koɗewa, yumɓu nake nema. Lokacin da mahaifiyata ke raye, ita ke hana ni juye ƙasar, yanzu kuma ni ne ba zan iya ba.