Jan Biron Malam Ana-Zargi

Shekara talatin ya yi yana fassara labarai a gidan rediyo, a wani ɗaki mai fanka ɗaya da taga mai kallon bango. Sunansa na yanka ya ɓata tuntuni, Malam Ana-Zargi kowa ke kiransa. Akwai wata kalma da Turawa ke liƙa wa laifin da ba a tabbatar ba, shi kuwa duk inda ya gan ta sai ya rubuta "ana zargi", ko da an kama mutum da akuyar a kafaɗa. Sabon ma'aikacin da ya tsallake ta, jan biro zai bi shi. Yakan ce ita kaɗai ce suturar mutum kafin alƙali ya yi magana. Abokan aiki har tsokanarsa suke, wai ko matarsa ta ce gishiri ya ƙare, sai ya ce a bari a bincika.

Wata bakwai da ritayarsa, wani jariri ya rasu a asibitin da 'yarsa ta fari ke aikin jinya. Yana zaune a ƙofar gida, rediyo a cinya, ya ji labaran yamma: ma'aikaciyar jinya ta kashe jariri da allura. Har sunan 'yar tasa, har unguwarsu.

Washegari ya je gidan rediyon. Takardar Turancin na kan tsohon teburinsa, kalmar na nan ɓaro-ɓaro. Wadda ta gaje shi, wadda ya koya wa aikin da hannunsa, ta ce labarai sun yi yawa, minti biyar aka ba su, dole aka rage.

"Baba, kalma biyu ce fa kawai."

Ya juya ya koma gida.

Maƙwabta suka daina kawo wa 'yarsa yara ta duba musu zazzaɓi. Ita ma ta daina fita, ko shagon bakin layi. Sai bayan shekara masu bincike suka wanke ta: da ciwon zuciya aka haifi jaririn. Gidan rediyo bai karanta ba, wai ya tsufa, ba labari ba ne.

Sai tsohon ya ɗauki takardar sakamakon binciken yana bi gida-gida. Ya fara da tela, maƙwabcinsa na shekara ashirin. Tela ya dakatar da keke, ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya miƙa masa da hannu biyu.

"To, Malam, haka dai suka ce. Ai kai ka koya mana kada mu yi saurin gaskata magana."