Yadda Gali Mai Jakai Ya Ɗauro Zailani

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Kibiya da Rano a zamanin da ake tara dalar gyaɗa a Kano ya san Gali mai jakai. Gajere ne, kakkaura, baƙi wuluk, wuyansa kamar turmi. Jakai huɗu gare shi, su ne cinsa su ne shansa. Da kaka ya yi dakon gyaɗa zuwa wurin awo, da rani ya yi jigilar toka da baba zuwa marina. Ba shi da yawan magana, amma akwai zuciya. Tun yana saurayi ya taɓa zubar wa wani haƙora biyu a kasuwa don ya tsula wa jakinsa bulala a ido. Daga ranar nan mutane suka koyi yi masa magana daga nesa.

Wansa Ishiyaku kuwa marini ne a Kibiya, dogo siriri mai sanyin hali, hannayensa sun rine da shuni har gwiwa. Shi ya riƙe Gali bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya saya masa jakinsa na farko, shi ya yi masa aure. Mutum ɗaya ne a duniya da zai ce wa Gali "zauna" ya zauna, shi ne Ishiyaku.

Shekara biyu kafin a sami mulkin kai, bayan an gama girbi, wani falke mutumin Madachi, Malam Abdulganiyyu, ya taso daga Kano da kayan yadi. Ya kusa gida, da la'asar sakaliya, wani ya faɗo masa daga cikin kwazazzabo, fuska naɗe da rawani. Ya sare shi da adda a kafaɗa, ya ƙara masa a hannu, ya tuɓe masa rigar jikinsa, ya kwashe kayan, ya bar shi cikin jini. Masu itace ne suka tsince shi. Ya rayu, amma sai da aka yanke hannun a asibiti a Kano.

Bayan kwana goma, ƙanensa Ƙasimu, wanda maɗinki ne, ya zo Kibiya cin kasuwa. Ya biyo ta marina sai ya ga wata babbar riga a shanye a bakin rijiyar rinin Ishiyaku, ta sha baba ta yi baƙi. Ya wuce, ya dawo, ya durƙusa ya kama wuyanta. Aikin allurarsa ne. Shi ya yi wa wansa wannan ɗinki da hannunsa, wata biyu yana kai. Ya juya kafaɗar, ga wata doguwar tsaga an kama ta da zare sabo. Ya saki rigar, ya koma Madachi.

Kashegari da hantsi ya dawo da ƙarti shida, kowa da gora.

Gali yana tafe da jakai biyu ɗauke da mangalar toka ya jiyo ihu daga marina. Da ya karyo kwana ya ga mutane sun yi da'ira, ba mai shiga. A tsakiya ga Ishiyaku a ƙasa, ana ta kirɓarsa. Bakinsa ya fashe, ido ɗaya ya rufe. Mutum biyu suka ja shi bakin rijiyar rini, Ƙasimu ya kama ƙeyarsa ya dulmiya kansa cikin ruwan baba, ya ɗago, ya sake dulmiyawa.

"Ina hannun ɗan'uwana?" Ƙasimu yana ihu. "Ɓarawo! Ina ka kai kayan?"

Gali bai tambayi dalili ba. Ya sunkuci mangalar toka guda ya watsa musu a fuska, ya zaro muciyar da ake motsa baba, doguwa mai nauyi, ya shiga. Na farko ya same shi a ƙashin wuya, aka ji ƙas. Na biyu ya kwashe masa ƙafafu ya faɗa cikin rijiya har ƙirji. Wani ya sauke wa Gali gora a tsakar ka, jini ya rufe masa fuska, bai ko waiga ba. Ya cafki Ƙasimu a maƙogwaro, ya maka shi da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa. Da ba don dagaci ya iso da 'yan doka ba, da an yi gawa a marina ranar nan.

Aka shiga ɗakin ajiyar Ishiyaku aka fito da turmin yadi ɗaya mai alamar Malam Abdulganiyyu. Aka ɗaura wa Ishiyaku igiya a ƙugu, aka tasa shi a gaba zuwa Rano, ruwan baba yana ɗiga daga gemunsa.

A gaban alƙali aka karanta masa laifin karɓar kayan sata. Alƙali ya tambaye shi wa ya kawo masa.

"Allah ya gafarta Malam, baƙo ne. Ban san shi ba."

"Baƙo ya kawo maka riga tsagaggiya, ka ɗinke, ka rina, ya kuma bar maka yadi, ba ka ko tambayi sunansa ba?" Alƙali ya girgiza kai. "Na ba ka kwana bakwai. In ba a ga mai kayan ba, to kai ne mai addar. Sai in tura ka Kano a kan fashi."

Kowa a wurin ya san wanda aka tura Kano a kan fashi, 'ya'yansa sai su girma ba su san fuskarsa ba.

Da azahar Gali ya kai masa fura inda aka tsare shi. Ishiyaku yana jingine da bango, numfashi da ƙyar, haƙarƙari biyu sun karye. Gali ya tsuguna.

"Yaya, ni ba alƙali ba ne. Wane ne?"

Ishiyaku ya yi ƙasa da murya. "Zailani."

Gali ya san sunan. Wani tsohon ɗan tauri ne da aka kora daga gari biyu, ba gona, ba sana'a, amma kullum da nama a bakinsa.

"Ka san rigar ta sata ce?"

"Na sani. Da jini a wuyanta ya kawo ta, ni na wanke." Ya nuna maƙogwaronsa. "Ya ɗora mini wuƙa nan, ya ce in na buɗe baki zai yanka matata Ramlatu a gaban yarana. Amma yadin, Gali, ba da wuƙa ya ba ni ba. Ya ajiye, na ɗauka. Shaiɗan ne."

Gali ya miƙe. Hannunsa ya ɗaga sama da kansa, kamar zai sauke shi a kan wansa, sai ya juya ya naushi bango har fatar yatsunsa ta saluɓe. Ya tsaya yana huci.

"Sha furarka," ya ce. Ya fita.

A ranar ya kwashe Ramlatu, matar Ishiyaku, da yaranta ya kai su gidan iyayenta. Ya ɗauki jakinsa mafi ƙarfi, da igiyar ɗaure kaya, da gorarsa mai ƙarfe a kai. Ya je gun dagaci ya faɗi sunan, dagaci ya ce za a bincika. Gali ya dubi idonsa ya ga tsoro, ya san babu mai bincikawa.

Kwana uku yana yawo. A Durba da ya ambaci Zailani, masu hira a gindin tsamiya suka watse ɗaya bayan ɗaya. A Kahu wata tsohuwa ta ce masa ya koma gida yana da sauran kwana. Rana ta huɗu ya haɗu da wani Bafulatani, Bappa, yana shayar da shanu. Da ya ji wanda ake nema sai ya tofar da yawu.

"Awakina uku ya ci. Yana cikin duwatsun can, shi da wani. Ɗayan yakan tafi cin kasuwa, shi kuwa in rana ta take yakan sauko rafi."

Gali ya ɗaure jakinsa a bayan wata kuka, ya kwanta cikin ciyawa kusa da rafin. Ranar farko su biyu suka sauko, ya ƙyale su, tururuwa na cizonsa bai motsa ba. Kashegari, rana ta shida, Zailani ya sauko shi kaɗai. Dogo ne, ƙirjinsa cike da layu, adda rataye a kafaɗa. Ya ajiye ta a kan dutse, ya sunkuya zai wanke fuska.

Gali ya taso a guje, amma tsakuwa ta tona shi. Zailani ya goce, gorar ta sauka a kafaɗarsa maimakon ka. Kafin Gali ya sake ɗagawa, addar ta fito daga kube. Saran farko ya raba gorar biyu. Na biyu Gali ya tare da hannun hagu, yatsu biyu suka faɗi cikin yashi, ya gan su da idonsa kafin ma ya ji zafin. Na uku ya tsaga masa kunci har kunne.

"Ƙanen marini ne?" in ji Zailani, yana dariya. "In na gama da kai zan je wa matarsa."

Gali bai ja da baya ba. Ya sunkuyar da kai ya shige cikin jikinsa, inda adda ba ta da fili, ya rungume ƙugunsa. Mutumin da ya shekara ashirin yana ɗora buhun gyaɗa a bayan jaki, ɗaga mutum ba wani abu ba ne a gunsa. Ya ɗaga shi sama ya nana shi da dutse. Suka gangara cikin ruwa tare. Zailani ya kafa masa haƙora a kunne, ya cire guntu. Gali ya lalubo dutse da hannun dama ya buga masa a wuyan hannu, sau ɗaya, sau biyu, har addar ta suɓuce. Sannan ya danna kansa cikin ruwan.

Ƙafafun Zailani suka yi ta shure-shure, suka fara sanyi. Zuciyar Gali tana ce masa kada ya saki. Abu ɗaya ne ya sa ya ɗago shi: gawa ba ta magana a gaban alƙali. Ya ja shi gaci, ya taka cikinsa ya amayar da ruwa, ya ɗaure shi tamau hannu da ƙafa, irin ɗaurin da yake yi wa kaya. Ya yage rigarsa ya naɗe hannunsa na hagu, ya ja ƙullin da haƙori.

Bappa ne ya taya shi ɗora Zailani a kan jaki, shi ne kuma ya hau dutsen ya sauko da sauran yadin daga wani kogo. Suka kama hanya. Sau biyu Gali yana faɗuwa, Bappa yana ɗura masa nono. Da suka shiga Rano bayan la'asar, kasuwa ta tashi ta bi su. Wasu suka fara jifa, dutse ya fasa wa Zailani goshi. Gali ya juyo, fuska duk jini, ya daka tsawa.

"Wanda ya kashe mini shi, shi zan kai wa alƙali a madadinsa!"

Aka zubar da duwatsu.

Da safe aka kawo Malam Abdulganiyyu, hannun rigarsa ɗaya yana reto. Bai san fuskar ba, amma da Zailani ya buɗe baki ya yi zagi, sai Malam Abdulganiyyu ya ce wannan muryar ce. Ga kuma kaya a ƙasa. Aka sa wa Zailani ankwa aka wuce da shi Kano, ba a ƙara ganinsa a ƙasar ba.

Alƙali ya juya ga Ishiyaku. "Yanzu fa? Har yanzu baƙo ne?"

Ishiyaku ya dubi ƙanensa, ya dubi tsumman da ke hannunsa. "Allah ya gafarta Malam, na san shi. Na kuma san rigar ta sata ce."

Aka ɗaure shi wata tara. Shi ma Gali bai tsira ba, aka yi masa bulala goma sha biyu a bainar jama'a saboda ƙashin da ya karya a marina. Ya kwanta aka yi, bai ce wayyo ba, ya tashi ya sa rigarsa. Ƙasimu yana tsaye a gefe. Suka haɗa ido, ba wanda ya gai da wani, kuma har suka bar duniya ba su gaisa ba.

Wata taran nan Gali ne ya ciyar da gida biyu, da yatsu takwas. Ishiyaku ya fito da tari wanda bai rabu da shi ba. Mutane suka daina kawo masa rini, ya koma noma, ya rasu shekara huɗu bayan mulkin kai. Gali ya haɗa 'ya'yansa biyar da nasa, ya aurar da su duka.

Da motoci suka yawaita, dakon jakai ya mutu, sai ya koma sayar da rake a bakin tasha. In matasa suka matsa masa ya ba su labarin rafin, yakan ce rana ta yi zafi ranar, ya ci gaba da feraye rakensa. Ya rasu da damina, bayan zazzaɓin kwana uku. Malam Abdulganiyyu, tsoho tukuf, ya sa aka kawo shi daga Madachi a bayan keke, ya tsaya a sahun gaba aka yi masa salla.