Kwamfutar Yaya Hamza da Amanar Mutanen Tarhil

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Hamza, amma sai bana na ji a jikina cewa ya tafi.

A unguwar Nuzla ta Jidda aka haife mu, jikokin mahajjata ne da suka zo suka zauna. Yaya yana da ɗan shagon gyaran kwamfuta a unguwar Sharafiyya, a wurinsa na koyi sana'ar. Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa mu faɗa. Duk kwamfutar da aka kawo, kafin ya taɓa ta sai ya kwafe faifanta ɗungurungum, abin da muke kira imej. Ba ya tsintar hotuna ya bar sauran, har tarkacen yake ɗauka. In na yi ƙorafin wuri sai ya ce, "Ya akhi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kai ka san abin da mutum zai nema gobe?"

Da yawa daga masu kwamfutocin ba su dawo ba. Iƙama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, aka kama su, aka yi musu tarhil, wato aka mayar da su gida da rigar jikinsu kawai. Yaya ya ce kwafinsu amana ne, ba mai share shi. Ina ganin taurin kai ne, har ranar da wani tela ya kira daga Maraɗi yana neman hotunan matarsa da ta rasu. Da muka tura masa, kuka ya hana shi godiya.

Bayan rasuwar Yaya na gaji shagon da tarin fayafai. Na matse abin da ke matsuwa, na cire maimaici, na ƙara sayen wasu, duk da haka wuri bai taɓa isa ba. Ga danshin Jidda yana cin su a hankali.

Cikin imej ɗin akwai wanda ya fi kowanne girma: na kwamfutar Yaya da kansa, wanda ya ɗauka wani yammaci dab da kwanciyarsa asibiti. In na tayar da shi, kwamfutarsa kan farka daidai yadda ya bar ta. Ga shafukan da yake karantawa a buɗe, ga karatun Alƙur'anin da ya tsayar a tsakiyar aya, ga saƙon da ya fara rubuta wa mahaifiyarmu: "Ummi, ki ajiye min abinci, ina nan". Nakan zauna ina kallo, kamar fita ya yi sayen shayi. Ban taɓa gaya wa Ummi ba. Ina jin tsoron wurin, kuma ban iya daina shiga ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zamanin nan da kowa ke zuba kayansa a intanet. Na san dariya zai yi ya ce, "Ka ba wanda ba ka taɓa gani ba ajiyar amana?"

Wata safiyar Juma'a bana, faifan da ke ɗauke da kwafin mutanen tarhil ya fara ƙas-ƙas. Duk ɗan sana'a ya san wannan ƙarar: in ka kashe shi, da wuya ya sake tashi. Shaguna a rufe, kuma faifan ba zai jira a sauko daga masallaci ba. Na duba ko'ina, wuri ɗaya ne zai ɗauke su, shi ne inda imej ɗin kwamfutar Yaya yake.

Na tayar da kwamfutar tasa karo na ƙarshe. Na cire hotunansa da muryoyinsa, waɗannan ba su da nauyi. Amma wannan yammacin da ya tsaya cak ba ya ciruwa, sai dai a bar shi duka ko a share shi duka. Na ji muryarsa a kunnena kamar yana bayana: "Yalla, halas, ya isa haka, mutane na jira." Na danna na share shi, na fara kwafe faifan mutanen a wurin.

Kwafin ya kammala kafin faifan ya mutu. Har yau yawancin masu shi ba su kira ba, wataƙila wasu sun riga Yaya tafiya, amma kayansu na nan. Abin da ya rage min na Yaya ke nan: lambar wayar shago da ban canza ba, da ajiyar mutanen da ban san fuskokinsu ba.

Ranar da yamma na je wurin Ummi. Ta zubo min abinci, na ci nawa, na roƙe ta ta ƙara min na Yaya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa amana ta cece shi.