Alhaji Almu Mabai da Dokar Bayyana Masu Kamun Ƙafa

Haihuwa da Asali

An haifi Alhaji Almu a shekarar 1929 a Mabai ta ƙasar Ƙanƙara. Mahaifinsa, Malam Abdulkarim, manomi ne wanda kan koma awon hatsi a kasuwa idan an gama kaka, mahaifiyarsa kuwa, Mero, ɗiyar makiyaya ce daga wani mashekari da ke kusa da Sabuwa. Saboda haka ya tashi tsakanin gona da garke, yakan kuma yi watanni a wurin kawunnansa a daji tun kafin ya isa shiga makaranta.

Karatu

Ya fara karatun allo a zauren limamin Mabai, ya kuma sauke Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha uku. A lokacin an riga an sa shi a elementare ta Ƙanƙara, daga nan aka zaɓe shi zuwa Midil ta Katsina a shekarar 1943. Bai kammala ba, domin mahaifinsa ya rasu a daminar 1945, ya dawo gida ya riƙe gonar da ƙannensa. Malaman da suka koyar da shi sun shaide shi da haƙuri da ƙarancin magana, tare da wata ɗabi'a da ba ta yi musu daɗi ba, wato ba ya karɓar bayani sai ya tambayi wanda ya faɗa da inda shi ma ya ji.

Aiki

A shekarar 1949 aka ɗauke shi malamin auduga, aka tura shi kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake sunan Mabai bai rabu da shi ba. Shekara ashirin da ya yi a gaban sikeli ta ƙara masa tsantseni. Ya lura cewa mai kawo audugar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi shi ne ya fi kowa tsawaita gaisuwa, wanda ya cusa tsakuwa a tsakiyar buhu kuma shi ne kan fara tambayar lafiyar iyali. Tun daga nan ya zama idan mutum ya yi masa fara'a fiye da kima sai ya tsuke fuska, ya shiga tunanin abin da ke tafe. Ya ajiye aikin a shekarar 1969, ya koma noman dawa da masara da sayar da taki, ya kuma sauke farali a shekarar 1973.

Aure da Iyali

Ya auri Hajiya Lauratu, 'yar wani maɗinki na Faskari, a shekarar 1951, kuma ita kaɗai ya zauna da ita. A Sheme ne ya haɗu da amininsa, Alhaji Gide, dillalin shanu, mutum mai yawan raha da sanin jama'a, wanda halinsa ya saɓa da na Almu ta kowace fuska. Duk da haka tare suke cin tuwon dare a zaure ɗaya shekara da shekaru. Amintakar ta zama surukuta a shekarar 1972, lokacin da Hadi ɗan Alhaji Gide ya auri Suwaibatu, babbar ɗiyar Alhaji Almu.

Shigarsa Majalisa

Bayan gyaran ƙananan hukumomi na shekarar 1976, mutanen Sheme suka tsayar da shi kansila, ya shiga majalisa a farkon 1977. Zamani ne na kuɗin man fetur. Kwangilar hanya da ta rijiya da ta ajujuwa suna fitowa kusan kowane wata, baƙin fuskoki kuma suna zuwa daga Kaduna da Legas cikin motoci masu sheƙi. Waɗannan baƙi ba sa shiga zauren majalisa. Gidajen kansiloli suke bi bayan la'asar, su gaisa, su bar turmin shadda ko buhun shinkafar waje, su ambaci wata magana da za ta zo gaban majalisa, su tafi. Jama'a na kiran wannan kamun ƙafa, kuma ba a ɗauke shi laifi ba.

A tsakiyar shekarar aka kawo ƙudurin soke wata tsohuwar doka da ta keɓe dajin da ke tsakanin Faskari da Sabuwa domin kiwo, tare da burtalin da ya ratsa shi zuwa mashaya. Wani kamfani mai suna Albarkar Fadama ne ke son filin domin noman tarakta. A zaman farko mafi yawan kansiloli sun ƙi. Kafin zama na biyu sai Alhaji Almu ya ga waɗanda suka fi kowa ɗaga murya sun yi laushi. Ɗaya ya hau sabon babur, wani ya sami kujerar Makka, wani kuma aka ɗauki ɗansa aiki a birni. Babu wanda ya ce ga dalili, shi ma ba shi da hujjar da zai riƙe, sai dai abin da idonsa ya gani.

Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne labarin da ya iske shi, cewa an ga Alhaji Gide a cikin motar wakilin kamfanin, wani Alhaji Mamuda, an kuma gan shi yana shiga gidajen kansiloli biyu. Bai tambaye shi ba. Ya daina fitowa cin tuwo a zaure, ya ce ciki ne ke damunsa. Da Suwaibatu ta zo gaishe shi ya riƙa yi mata tambayoyi a kan baƙin da ke zuwa gidan surukinta, har ta fita tana hawaye. Hajiya Lauratu ta yi masa magana a kan haka, ta ce, "Alhaji, in kana da magana da mutumin nan ka same shi, ka bar yarinya ta zauna lafiya a ɗakinta." Ya ce mata zai same shi a inda ba ya iya musu.

Dokar Bayyanawa

A cikin wannan hali ne wani mutum mai suna Malam Bilya ya fara ziyartarsa ranakun Juma'a. Ya gabatar da kansa a matsayin malamin makaranta daga Zariya mai bincike a kan rayuwar makiyaya. Bai taɓa kawo masa ko goro ba, bai kuma yawaita fara'a ba, wannan ya sa Alhaji Almu ya saki jiki da shi fiye da yadda ya saba. Malam Bilya ne ya ba shi labarin cewa akwai ƙasashen da doka ta wajabta wa masu neman juya ra'ayin 'yan majalisa su bayyana kansu da waɗanda suke yi wa aiki, ya kuma taimaka masa wajen tsara kalmomin ƙuduri.

A watan Fabrairu na 1978 Alhaji Almu ya gabatar da ƙudurin. Abin da ya ƙunsa shi ne, duk wanda ya sami kansila a kan maganar da ke gaban majalisa, wajibi ne ya zo ranar zama ya tsaya a bainar jama'a ya faɗi sunansa da wanda ya aiko shi da abin da ya nema, kansilan da aka samu kuma ya tabbatar da bakinsa. Wanda ya ɓoye, ba shi da ƙuri'a a kan wannan magana. An yi masa ca. Wasu suka ce ya mai da zumunci abin tuhuma, wasu suka ce nan gaba sai mutum ya nemi izini kafin ya je gaisuwar mutuwa. Amma labari ya riga ya bazu a kasuwannin Sheme da Sabuwa, kuma babu kansilan da ke son a ce shi ne ya ƙi. Ƙudurin ya wuce da ƙyar, aka ɗage maganar daji har sai an yi zaman bayyanawa.

Zaman Bayyanawa

An yi zaman a watan Afrilu, zauren ya cika da manoma da makiyaya har waje. Alhaji Mamuda ya fara tashi, ya faɗi sunan kamfaninsa da gidajen da ya shiga, ya ce abin da ya kai musu ihsani ne irin na baƙo. Kansilolin da ya ambata suka amsa kansu a sunkuye. Daga nan Alhaji Gide ya miƙe ba tare da an kira shi ba.

Ya ce, "Ni Ardo Rabo na Sabuwa ya aiko ni, shi da mutanensa, don su ba su san ƙofar kowa ba a nan. Na shiga gida biyu na roƙi a bar musu burtali. Motar wanga bawan Allah kuwa na shige ta ne don ya nuna mini iyakar da suke so, in kai wa masu shanu labari."

Ardo Rabo, wanda ke zaune a bakin ƙofa, ya tabbatar da cewa shi ya aike shi. Alhaji Gide ya juya ya dubi amininsa, ya ce, "Gidanka ne kaɗai ban zo ba, Alhaji, don na ɗauka kai ba ka buƙatar roƙo."

Nan take ɗaya daga cikin kansilolin da aka kunyata ya tashi ya tambayi Alhaji Almu ko wane ne baƙon da ke zuwa gidansa kowace Juma'a, da kuma dalilin da ya sa ba ya cikin zauren. Ya amsa cewa malamin makaranta ne. Sai Alhaji Mamuda ya yi murmushi, ya ce ya san Bilya sarai, ma'aikaci ne na wani kamfani mai suna Noman Zamani na Arewa, wanda shi ma dajin yake so, kuma ba abin da Bilya yake buƙata illa a jinkirta maganar har iyayen gidansa su shirya.

Waɗanda suka halarta sun ce Alhaji Almu bai musanta maganar ba. Da ya tashi, ya ce, "Ban san haka ba, amma rashin sanina bai fid da ni ba. An same ni a gidana a kan maganar daji, kuma wanda ya same ni shi ya tsara mini dokar ga. Ku rubuta ni a cikin waɗanda aka kama wa ƙafa." Ya kuma janye kansa daga ƙuri'a, ko da yake dokar ba ta tilasta masa ba tunda bai ɓoye da gangan ba. Wasu suka nemi a soke dokar tunda asalinta makirci ne, amma hayaniyar jama'a daga waje ta hana. Aka kaɗa ƙuri'a ba tare da shi ba, ƙudurin soke dajin ya faɗi.

A farkon 1979 kamfani na biyu ya kawo tasa buƙatar. Dole Malam Bilya ya tsaya a zauren nan ya faɗi wanda ya aiko shi, a ƙarƙashin dokar da shi da kansa ya tsara, jama'a suna yi masa dariya. Ita ma buƙatar ba ta wuce ba.

Bayan Majalisa

Wa'adin majalisar ya ƙare a ƙarshen 1979, waɗanda suka biyo baya kuma ba su soke dokar ba, ba su kuma yi aiki da ita ba. Alhaji Almu bai sake neman wani muƙami ba. Ya je har gida ya nemi gafarar Alhaji Gide a gaban 'ya'yansu, shi kuma ya ce ya yafe, suka ci gaba da gaisawa a masallaci da wurin suna, amma cin tuwo tare bai dawo ba.

A shekarar 1981 aka yanki gefen dajin na yamma aka ba Albarkar Fadama ba tare da wani zama a bainar jama'a ba, aka bar wa makiyaya burtali da mashaya. A wannan shekarar ce Alhaji Gide ya sayi babbar motar ɗaukar shanu, aka kuma ga kamfanin na ba shi jigilar masara. Masu magana suka ce tun farko ƙafa biyu ya taka, ya karɓi aiken Ardo ya kuma karɓi na kamfani, rabin gaskiya ya faɗa a zauren. Wasu suka ce dillalin da ya shekara talatin a kasuwar shanu ba ya rasa abin sayen mota. Ba a taɓa samun hujja ta kowane ɓangare ba. Iyalin Alhaji Almu sun ce maganar ta ci shi ƙwarai, yakan zauna a ƙofar gida ya bi motar da kallo idan ta wuce. Alhaji Gide ya rasu a shekarar 1983, Alhaji Almu yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Rasuwarsa

Ya kwanta ciwon ƙafa da hawan jini tun daga daminar 1985. A cikin jinyar ne babban ɗansa, Abdulkarim, ya shaida masa cewa ya sami wani tsohon direban Albarkar Fadama a Funtuwa wanda ya ce ya san yadda aka yi tsakanin kamfanin da Alhaji Gide, kuma a shirye yake ya zo ya faɗa. Alhaji Almu ya tambayi wanda ya haɗa su da direban, da abin da direban ke so. Sannan ya dubi 'ya'yan Suwaibatu da ke wasa a tsakar gida, ya ce, "Kada ka kawo shi. Sau ɗaya na tuhumi kakansu ban tambaye shi ba, yanzu kuwa ba ya nan balle ya amsa. Kai ma na hana ka ji."

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Talata a cikin watan Janairu na 1986, yana da shekara hamsin da bakwai. An yi masa salla a ƙofar gidansa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar Sheme, makiyaya daga Sabuwa da mutanen Mabai suna cikin masu rakiya. Ya rasu ya bar matarsa, Hajiya Lauratu, da 'ya'ya shida: Suwaibatu, Abdulkarim, Mani, Hajaratu, Rabo da Nana, da jikoki goma sha ɗaya. Abdulkarim bai koma wurin direban ba. Allah ya jiƙan Alhaji Almu, ya gafarta masa, shi da amininsa.