Sake Kwance Shi, Rabi

Bana shekara talatin da huɗu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Haladu, kuma yau ne karo na farko da na rubuta sunansa ƙarara don idon jama'a. Yana raye ban taɓa kiran sunan nan ba, Malam nake ce masa. 'Ya'yana sun daɗe suna matsa mini in rubuta wani abu a kansa, tun da Allah ya sa na yi karatun manya bayan rasuwarsa har hannuna ya faɗa. Su yabo suke so. Zan yi yabon, don ya cancanta, amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, shi ma yau sai na faɗe shi.

Ƙauyenmu yana yankin Makoɗa, inda gonar wannan ke manne da ta wancan, ba ka samun tafin ƙasa a banza. Tsakaninmu da kwalta yashi ne mai cin ƙafa, da damina kuma ga rafi. Malam gyaran keke da injin niƙa yake yi bayan noma. Da aka rufe wani shirin noma aka yi gwanjon baburan malaman gona, sai ga shi ya ɗauko ɗaya a amalanke, matacce murus. Dogon babur ne mai tsayin ƙafa da tayoyi masu gutsi-gutsi, irin wanda ba ya shan fetur sai an gauraya masa da baƙin mai, ga hayaƙi ga ƙarar tsiya. Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Haladu, wannan raƙumin naka hawansa za a yi ko yankawa?"

Ya tashe shi kuwa. Samari suna taɓa inji don ya ƙara gudu, Malam ya taɓa nasa don ya rage. Ya sa masa babban faifan sarƙa a baya yadda zai ja kaya cikin yashi ba tare da ya shiɗe ba, ya bi ƙofar hayaƙi da magagari ya gyara ta, ya cire ɗan famfon mai da ya lalace ya koma gaurayawa da hannu a kwalba. Sirdin ma ya ƙara masa tsawo da katako. Babur ya fito mummuna, amma duk abin da aka ɗora masa sai ya kai shi bakin titi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, fari ya biyo baya. Gero ya ƙi, kayan gyara suka ɓace, baƙin mai na ƙwarai ya zama sai wane da wane, wanda ake sayarwa a gefen hanya kuwa jabu ne. Wata rana ina tuyar ƙuli-ƙuli Malam ya shigo da kwalbarsa ya tsuguna gaban kwanon man gyaɗata.

Na ce, "Malam, lafiya? Miya za ka yi?"

Ya ce, "Baƙo gare ni a zaure, shi ma yunwa yake ji."

Tun daga ranar babur ya koma shan man gyaɗa. In ya wuce, ƙamshin suya ke biyo shi, har aka laƙaba wa Malam suna Mai Ƙosai, shi kuma ya amsa abinsa. Na yi mita iya mita, amma a raina na san lissafinsa daidai ne, don baburin nan shi ke kai maina da ƙulina kasuwanni uku, kuma da su muke ci tun da gona ta juya mana baya. Sai dai man gyaɗa yana da sharrinsa. Danƙo yake yi a ciki, ya liƙe ringi a jikin fistin, ya toshe salansa. Kusan duk wata sai an kwance injin ɗungurungum an wanke da kananzir, an ƙona salansar a murhu. In aka yi sakaci, inji ya buga. A ƙauyenmu kaf Malam kaɗai ya iya wannan aikin.

Yanzu in na zauna a ƙofar gidan ɗana a unguwar Bacirawa ta Kano ina kallon babura suna wucewa, nakan ce da Malam zai leƙo da ya riƙe baki. Masu hayaƙi sun ƙare, na yanzu lumui suke tafiya, har akwai waɗanda ake cajinsu kamar waya. Bakanike ba ya goge komai, cirewa yake yi ya jefar ya sa sabo. Man gyaɗa kuwa ya yi tsadar da in ka zuba shi a tanki sai a kai ka a duba lafiyarka. Na san zai yi wa makanikan zamani tsiya, amma kafin a yi la'asar za ka same shi tsugune a cikinsu yana tambayar yadda na cajin ke aiki. Mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi.

Tari ya kama shi da sanyin wata shekara, ya ƙi sakinsa. A asibiti aka ce tarin fuka ne, aka ɗora shi kan allura a kai a kai, aka kuma ja masa kunne cewa fashin allura shi ne babban haɗari. Da farko da kansa yake zuwa. Da ƙarfi ya ragu sai ƙanensa Sule ya riƙa goya shi. Sule gwani ne a tuƙi, amma in ka ba shi sifana ka ba shi noti, to ka yi bankwana da su duka biyun.

Ruwan shuka na sauka inji ya buga, don Malam ya daɗe bai samu ƙarfin buɗe shi ba. Sule ya ɗauki bulon injin, wato gidan fistin, ya kai Kano aka faɗaɗa shi, ya dawo da fistin na wani babur daban, don namu babu shi a kasuwa, da ringi jeri biyu. Kafin ya dawo Malam ya kai ga tashi ma sai an kama shi. An gwada kai shi a jaki, bai kai rafi ba ya fara aman jini, aka juyo da shi. Shanun amalanke an daɗe da sayar da su. Ba wata hanya da ta rage sai baburin nan, ga shi a zube cikin daro a tsakar gida, ga ranakun allura suna wucewa.

Sule ya zauna zai haɗa, Malam na daga kan tabarma yana faɗa masa. Bai yi nisa ba ringi ya ce ƙas a hannunsa. Saura jeri ɗaya. Malam ya ce, "Tashi, Sule. Rabi, wanke hannunki ki zo."

Na ce, "Ni? Malam, ni me na sani?"

Ya ce, "Hannun da ke tsince tsakuwa a gyaɗa ba zai karya ringi ba. Zauna."

Na zauna. Ya sa na rage gindin sabon fistin da magagari kaɗan-kaɗan, ina yi ina miƙa masa yana shafawa da yatsa. Ya nuna mini 'yar kibiyar da ke kansa, ya ce lallai ta fuskanci salansa. Ya nuna mini ɗan tsinin da bakin ringi ke zama a kai. Na yanko gaskit, abin toshe mahaɗar inji, a kwalin sukari. Numfashinsa ba ya barinsa ya daɗe a zaune, sai mu yi kaɗan da hantsi ya kwanta, in koma ga tukunya. Inna tana daga bakin ɗaki tana cewa duniya ta zo ƙarshe, ba wanda ya tanka mata.

Ranar da muka gama, Sule ya taka baburin, a taku na uku ya kama. Hayaƙi ya cika gida, kaji suka watse, ni kuwa hawaye kawai nake. Na shiga ɗaki na ɗauko wa Malam riga da hula, na ce Sule ya gyara sirdi. Malam ya saurari injin na ɗan lokaci, ya yi wa Sule alama ya kashe. Sai ya dube ni ya ce, "Sake kwance shi, Rabi."

Na zaci wani abu ya ji ba daidai ba. Ya ce a'a, lafiyarsa ƙalau.

Na ce, "To, don me? Malam, allurarka fa."

Ya ce, "Wannan da bakina kika haɗa shi. Ina so ki haɗa shi ina shiru."

Na roƙe shi. Na ce ya je ya dawo, in ya so in kwance sau goma. Sule ya roƙe shi, Inna ta yi masa kuka. Ya ce in ya hau baburin nan aka kwantar da shi a asibiti, bai san ko zai sake ganin tsakar gidan nan ba. Ya ce Sule ƙanensa ne, amma zai yi aure ya kama gabansa, ni ce zan zauna da yara biyar da injin da ke liƙewa duk wata. Ya rantse ba zai hau ba sai na yi. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma ko gezau bai yi ba.

Na kwance, ina yi ina share ido da gefen zane. Na haɗa, na manta da wani ɗan zoben ƙarfe na ƙarƙashin noti, inji ya ƙi tashi. Malam yana kallo bai ce uffan ba, na sake buɗewa na nemo kuskurena da kaina. Kafin ya gamsu, mako ya shuɗe. Sannan ya sa hularsa, aka ɗaure shi da rawani a bayan Sule, suka tafi. A asibiti aka ce mun yi jinkiri, aka ba shi gado. Bai dawo ba. Ya rasu gero na fitar da kai.

Abin da ya hango ya faru ɗaya bayan ɗaya. Sule ya yi mana ɗawainiya iyakar ƙoƙarinsa, Allah ya saka masa, sannan ya yi aure ya koma Kano. Babban ɗana ya karɓi tuƙi. Ni kuwa duk wata sai in shimfiɗa buhu a tsakar gida in zube injin in wanke in mayar. An yi ta tsegumi a kaina, daga baya masu tsegumin suka fara aiko da nasu injinan ta zaure. Baburin ya yi mana shekaru masu yawa kafin ya gaji. Da shi yaran nan suka ci, da shi suka yi makaranta, har autarsu ta zama ma'aikaciyar jinya.

Na taɓa tambayar ita autar ko makon nan ne ya kashe ubanta. Ta ce, "Inna, ciwon ya riga ya ci jikinsa, wataƙila da makon da babu duk ɗaya ne." Wataƙila ta ce. Na san kwana ya ƙare ne, na kuma yi imani ba wanda ke wuce ranarsa. Amma ita wataƙilar nan da ita nake kwana nake tashi, kuma shi ya bar mini ita.

In yaran suka taru suna cewa Baba mai hangen nesa ne, ya ba da ransa don su, nakan gyaɗa kai, don gaskiya suka faɗa. Abin da ya rage nasa a duniya su ne, sai kuma hannayen nan nawa da har gobe in na ji inji yana kuka na san abin da ke damunsa. Ba na raina ko ɗaya. Sai dai shi ya yanke hukuncin shi kaɗai, ni ba a tambaye ni ba. Da an tambaye ni, da na ce a ɗora shi a ranar, a bar ni da jahilcina, mu ci abin da Allah ya hore, ko da rogo ne.

Kowace salla ina roƙa masa gafara, da zuciya ɗaya kuwa. Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka makwancinsa, ya kuma haɗa ni da shi a inda babu tari, don maganar nan ba mu gama ta ba.