Wayar da Na Ajiye a Bayan Randa

Fita daga Dogo Tebo

Ƙarfe biyar da kwata na asubar Talata na ja ƙofar gidanmu na rufe. Duk wanda ya san ni a unguwarmu ta Dogo Tebo a Potiskum ya san wannan kaɗai labari ne, don ni ko kasuwa sai an yi da gaske nake leƙawa. Iyakar tafiyata a duniya Nangere ce, ita ma suna ne ya kai ni. Amma ga ni da jaka a kafaɗa da ɗan ƙunshi a hannu, wai Kano za ni.

Wayata ce a cikin ƙunshin. Maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, rakiyar shanu yake yi. A loda su a kasuwar Potiskum, ya hau mota ya kai su. Da yake karatuna bai kai in bi dogon rubutu ba, duk garin da suka tsaya sai ya turo mini murya: mun wuce Azare, mun yi sallah, kin ba awaki dusa? Ranar da motarsu ta faɗi ina tuƙa tuwon rana na ji saƙo ya shigo, na ce bari in sauke tukunya tukun. Baƙi suka zo, na manta. Kafin la'asar aka yi sallama da labarin.

Goggonsa ta ce kada in buɗe saƙon sai na fita takaba, don kada in yi ta kuka ina hana shi kwanciya. Na kashe wayar, na naɗe ta a hankicinsa. Malam kullum cewa yake waya ba ta son zafi, ni kuwa ban san wurin da ya kai gindin randa sanyi a gidan ba. Can na tura ta. Wata huɗu da kwana goma, damina guda, tana shan raɓar randa. Da na fita takaba na danna, ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Sale mai gyara na bakin tasha ya buɗe, ya yi wa batir caji daban, ya ce batir lafiya lau, wani ɗan mahaɗi ne a ciki ya ci tsatsa, kuma ba shi da kayan aikin cire shi. Sai Kano.

Ni mai kunne ce. Daga ɗaki nake gane takun kowa a layinmu. Amma a wata na uku na nemi muryar Malam a kaina na rasa. Ina tuna abin da yake faɗa, yadda yake faɗarsa ne ya ɓace mini. Abin da ya fitar da ni ke nan.

Maƙwabciyata Ya Falmata, mai sarin atamfa a Kano, ita ta yi mini jagora. Keke ya kai mu tasha. Muka sha koko da ƙosai a tsaye, ƙaramar bas ta cika, shida da minti ashirin muka ɗau hanya.

Kafin Azare

Hatsi ya nuna a gonaki, gari ya yi luf. Na riƙe ƙunshin da hannu biyu a cinya kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Ke Hajara, saki jikinki," in ji Ya Falmata. "Mota ce, ba raƙumi ba."

Wajen bakwai da rabi muka iso shingen jami'an tsaro. Wani dogo ya leƙo, idonsa ya sauka a hannuna.

"Hajiya, me aka ƙunshe haka?"

"Waya ce, ranka ya daɗe. Matacciya."

"Matacciya kuma ake mata likkafani? Miƙo."

Ya kwance hankicin, ya danna, ya ɗan buga ta a tafin hannunsa. Sai na ji wani siririn sauti, zzz, kamar ƙuda ya faɗa kwalba. Fuskar wayar baƙa ƙirin, amma ta yi motsi a hannunsa. Ya dube ni, na dube shi.

"Kin ce matacciya ce."

"Wata biyar ba ta kunnu ba."

Ya miƙo mini da sauri, ko naɗewa bai yi ba, ya goge hannu a wando ya ce wa direba ya wuce. Matar da ke gefena ta ja ɗiyarta ta mayar ɗaya cinyar. Takwas da minti goma muka shiga Azare, direba ya sha mai, muka wuce.

Bayan Jama'are

Tara saura kwata muka haye gadar Jama'are. Ya Falmata ta sayi fura ta tagar mota, ni na kasa sha. Mun yi kamar minti ashirin gaba, sai hanya ta karkata, mota ta sauka wani gargada. Ba gida, ba mutum, sai wata tsamiya da gindinta ya ƙone gefe guda. Ga hantsi ya ɗaga, amma ko tsuntsu ban ji ba.

Nan wayar ta fara rawa a cinyata. Wannan karon ba ta tsaya ba. Zzz, ta yi shiru, zzz, ta yi shiru, kamar numfashin mai barci. Na ɗora tafin hannu a kanta, ina jin ta har cikin ƙashina.

Direba, wani mai suna Ɗanlami, bai san me ake ciki a baya ba. Ya nuna tsamiyar da haɓa yana gaya wa na kusa da shi: "Nan ne wata motar shanu ta Potiskum ta kife farkon damina. Mutum biyu, ko shurawa. Allah ya jiƙan musulmi."

Ban taɓa sanin wurin ba. Ce mini kawai aka yi a hanyar Kano.

Ya Falmata ta damƙe hannuna tana salati ƙasa-ƙasa. Matar gefena ta ce, "Direba, don Allah taka mota!"

"Hajiya, a ramukan nan? So kike mu bi su?"

Muna hawa kwalta mai kyau wayar ta yi tsit. Na waiga ina kallon tsamiyar har ta ɓace. Ban yi kuka ba.

Muka iso Shuwarin ƙarfe goma. Wudil sha ɗaya da kwata, inda masu soyayyen kifi suka yanyame motar, Ya Falmata ta tilasta mini na ci tsoka biyu. Sha biyu da rabi muka shiga Kano, hayaniyarta ta cika mini kunne har na rasa wanne zan saurara.

Kasuwar waya

Bayan azahar keke ya sauke mu a kasuwar masu waya. Muka bi wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa, har shagon wanda Sale ya kwatanta mana, Malam Nura, mai furfura kaɗan a gemu. Na ba shi labari tun daga randa har tsamiya. Bai yi dariya ba.

Ya ɗaga bayan wayar, ya ce in matso. A ciki akwai falle biyu kore, babba a sama, ƙarami a ƙasa, su suke ce wa fanel. Wata siririyar leda ta taso daga ƙaramin zuwa babban, a bakinta ɗan abu da bai fi ƙwayar shinkafa biyu ba.

"Wannan shi ne konekta, Hajiya. Biyu ne, mace a jikin fanel, namiji a bakin ledar. In aka danna su suka kama juna, sama da ƙasa su yi magana. Leƙa nan."

Na sa ido a wani madubi mai ido biyu. Subhanallahi! Ɗan abin nan ya zama kamar baki buɗe, haƙoran zinare jere sama da ƙasa, rabinsu sun yi kore kamar gansakukar bakin rijiya.

"Raɓar randarki ke nan," ya ce. "Abin da ke sa waya rawa yana jikin ƙaramin fanel. Tsatsar nan ta haɗe haƙora, in an girgiza sai wuta ta tsallaka ta taɓa shi. Ramin da ya kayar da babbar mota ai zai girgiza waya."

"To me ya sa ba ta yi a ramukan Azare ba?" in ji Ya Falmata.

Malam Nura ya ce, "Wannan kuma ba a koya mini ba."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da fanel na wayoyin da suka mutu, ya hau tonawa. Ya ce sabon konekta irin wannan ba ya samuwa, sai dai a ciro daga jikin gawa.

"A'uzubillahi! Ba ku da wani sunan?" in ji Ya Falmata.

"Haka muke ce musu, Hajiya."

Na tsaya ina kallon kwalin. Kowane falle a ciki na wani ne, da gaisuwarsa da faɗansa da muryoyin mutanensa, ga su an zube kamar ɓawon gyaɗa. Ya samo irin tawa, ya haɗa mace da namijinta don ya gwada, suka ce ƙas, ƙara ɗaya mai tsabta. Ya raba, ya sake, ƙas.

Sannan ya dube ni sosai. "Gaskiya ɗaya ce. Sai na hura wuta kafin tsohuwar macen ta saki. Ma'ajiyar da muryoyin suke tana nan dab da ita, ko faɗin farce babu. In zafi ya wuce kima, shi ke nan, ba mai dawo da su. In kuma aka bar ta, tsatsa za ta ci ta kai can. Kin yarda?"

Na ce, "Bismillah."

Ya ciro wani tsohon kwabo mai huji daga aljihu ya ɗora a kan ma'ajiyar, wai shi zai shanye zafin. Ya kunna hita mai hura iska, ƙaurin dalma ya tashi. Duk ihun kasuwar nan ban ƙara jin komai ba sai hucin abin nan. Ya sa ɗan hantsaki ya taɓa, ba ta saki ba. Ya ƙara hurawa, zufa na ɗiga daga gemunsa. Ya taɓa, ta ɗago. Ya share wurin, ya ɗora wadda ya ciro daga jikin gawar, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da bakin ƙarfe, ya canja ledar ma. Minti arba'in da biyar ina tsaye, an ba ni kujera na ƙi.

Ya danna namiji cikin mace, ya danna makunni. Shiru. Ya sake dannawa. Fuska baƙa. Na ga kafaɗunsa sun sauka.

"Malam Nura," na ce, "bai zauna ba."

"Na'am?"

"Ɗazu da ka gwada, ƙas ya ce. Yanzu rabin ƙas ya yi. Gefe ɗaya ne ya shiga."

Ya leƙa madubi, ya ɗago ya dube ni, ya koma. Ya sa yatsa a hankali. Ƙas.

Haske ya kawo. Ya Falmata ta yi guɗa a tsakiyar kasuwar maza, kowa ya waigo. Ga saƙon nan a sama, ba a buɗe ba, daƙiƙa hamsin da biyu. Malam Nura ya kwafe muryoyin duka a ɗan memori, ya miƙo mini abin sa wa a kunne.

"Ki ji yanzu, Hajiya."

"A'a. Ɗakina ya turo shi, a ɗakina zan ji."

Muka kwana a Hotoro gidan ɗiyar yayar Ya Falmata, aka karɓe mu da gurasa da romo, aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma.

Komawa gida

Laraba bakwai da minti goma muka bar Kano. Da muka iso tsamiyar nan na ɗora hannu a kan wayar tun daga nesa. Motar ta yi ta tsalle a gargadar, ita kuwa ko motsi. Na yi wa Malam addu'a, da shi da direbansu, muka wuce. Biyu saura minti ashirin keke ya ajiye mu a Dogo Tebo, awakina na ihu kamar na yi shekara.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ya Falmata da ta bar sarinta ta tsaya a kaina, da mutanen Hotoro, da Sale, da Malam Nura mai sanyin hannu, Allah ya saka muku da abin da ba ni da shi.

Na yi azahar, na sakaya ƙofa, na zauna bakin gado na danna.

Iska ce ta fara, sai ƙugin inji, sai kukan saniya daga baya. Sai tarinsa, ɗan gajeren tarin nan. Ashe ba da ni yake magana ba, da direba yake.

"Kai dai ci naka na hanya, ni sai na koma. Shekara ashirin da biyu ban ci miyar kukar da ta kama ƙafar ta matar nan ba. Ban dai taɓa gaya mata ba ne."

Direba ya yi dariya. Inji na ta ƙugi. Can sai muryar Malam ta sauka ƙasa.

"Tsaya. Ba ka ji kamar akwai mai saurarenmu?"

Na ƙara kasa kunne.

"Wa? Shanu?" in ji direba.

Na ji motsin riga, muryar ta matso dab da kunnena.

"Au! Ashe hannuna ne ya danne. Hajara ce." Ya yi dariyar nan tasa mai fita ta hanci. "To kin ji asirina, kada kanki ya kumbura. Hajara? Kina ji na?"

Saƙon ya ƙare.

Na gyara ɗankwalina, na ce da ƙarfi yadda zai ji, "Ina jin ka, Malam."