Geron da ya yi fumfuna

A shekarun fari jikana yana hannuna, uwarsa ta rasu ta bar min shi da ciwon fuka. Ban taɓa shiga lakwal, makarantar boko, ba, amma ina lura. Duk ranar da aka fasa tsohon rumbu a unguwa, ko aka kakkaɓe buhun da ya yi fumfuna, kafin la'asar ƙirjin yaron ya fara kuka. Maƙwabciyarmu Kirista, mai aiki a gidan likita, ta ce haka ne, a irin ranakun nan suke cika da yara masu shaƙewa.

Ƙanena, wanda na goya a bayana, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ya shiga sayen geron gindin rumbu daga Droum, wanda ya yi baƙi saboda daɗewa. Sai a murje shi da toka, a shanya, a sheƙe a iska har ya yi haske, a kai kasuwa.

Na ce masa, "Auta, ka yi sheƙarka a bayan gari. Ƙurar nan tana kashe min miji."

Ya yi dariya. "Yaya, wannan mijin naki da ko fartanya ba ya ɗagawa? To na ji. Wallahi ba zan yi a gida ba."

Da wannan rantsuwar na tafi gaisuwar rasuwa Hamdara, na bar yaron wajen iyalin ƙanen nawa.

Na dawo na tarar da yaron a gidan likita, leɓɓansa sun yi duhu, haƙarƙarinsa na shiga na fita. Ƙanena na tsaye a bakin ƙofa.

"Sanyi ne ya kama shi, Yaya."

"Sanyi a bazara?"

Ya sunkuyar da kai. Da na koma gida ɗauko zane, na shafa murfin randa, yatsana ya fito baƙi. Jikin katangar kuwa ƙaiƙayi ne da toka, an share amma ba a iya sharar ba. Ashe a gida ƙanena ya yi sheƙar, kuɗin jakin kai buhuna bayan gari ne ya yi masa tsada.

Yaron ya tashi, sai dai bai ƙara gudu da sa'o'insa ba. Ranar da aka sallame mu na kwaɓa laka da hannuna, na toshe ƴar ƙofar da ke tsakanin gidajenmu. Ƙanena ya leƙo ta saman katanga yana cewa, "Haba Yaya, yunwa ce fa."

Na ce, "Mu ma muna jin ta." Na ci gaba da yaɓe.